Zaman lura da numfashi: yana gyara halin mutum, ko hutu ne kawai?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Argungu, da rani kuma ina noman shinkafa a fadama. Shekarata 36, da mata da ɗiya huɗu. Alhamdu lillahi ba mu kwana da yunwa, amma raina ba ya kwance: saurin fushi, yawan tunani da dare, ga jin kamar shekaru na wucewa ni kuwa ina nan inda nike. Na ga bidiyo a Facebook da YouTube kan wanga abu da suke kira mediteshan, wai mutum ya zauna ya bi numfashinsa, wai yana canza mutum ya sa masa gamsuwa da rayuwa. Na gwada kwana biyar, sai na ga tunanin ƙaruwa ma ya yi. Shin da gaske yana gyara mutum? Kuma bai ci karo da addini ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa aikin aji da na fadama albarka. Tambayarka uku ce a ɗaure wuri guda: me ya sa tunani ya yi yawa da ka zauna, ko zaman yana taɓa halin mutum har ya kai shi ga gamsuwa, da kuma matsayinsa ga Musulmi. A taƙaice, zaman abu ɗaya yake koyarwa, wato mutum ya riga bakinsa da hannunsa gane inda zuciyarsa ta dosa. Ga mai saurin fushi da yawan saƙe-saƙe, wannan abu ɗaya yana da tsada. Sai dai shi kaɗai bai taɓa mayar da kowa mutumin kirki ba, kamar yadda sharar gona ba ta cika rumbu sai an yi shuka.

Wane zama ake nufi

Kalmar mediteshan rumfa ce babba. A ƙarƙashinta akwai masu maimaita wata kalma, akwai masu ƙura wa hoto ido, akwai masu hasko wani wuri a zuci. Wanda ka kwatanta, na bin numfashi, shi ne Turawa ke kira maindifulnes. Zan kira shi zaman lura, don lura ce aikin gaba ɗaya: ka ajiye hankalinka da gangan a kan abin da ke faruwa yanzu, a jiki ko a zuci, ba tare da gaggawar yanke masa hukunci ba.

Asalinsa daga mabiya addinin Buddha ne a nahiyar Asiya, inda ake kiran wannan lura "sati" da harshen Pali. Ɓoye wannan ba shi da amfani. Shigarsa asibiti kuwa ta fara ne a 1979, lokacin da wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka don koya wa majinyata yadda za su rage matsin da ke kansu. Ya ajiye ibadun addinin a gefe, ya ɗauki horon hankalin, ya tsara shi mako 8: haɗuwa sau ɗaya a mako ta kimanin awa biyu da rabi, da aikin gida na minti 45 kullum. Da yawa daga waɗanda aka fara tura masa masu ciwon jiki ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka gauraya shi da dabarun gyaran tunani don hana ciwon tsananin damuwa dawowa ga wanda ya samu sauƙi. Ka riƙe mako 8 da minti 45 ɗin nan, ka auna su da kwanakinka biyar, ka kuma auna su da bidiyon da ke alkawarin sabuwar rayuwa cikin sati guda.

Me ya sa tunanin ya yi yawa

Bai ƙaru ba, Malam, jin sa ka fara yi. Ka san yadda fadama take in an kashe injin ban ruwa da yamma. Nan take kukan kwaɗi da na tsuntsaye da muryar wani can nesa za su cika maka kunne, alhali suna nan tun ɗazu, ƙarar inji ce ta danne su. Aji da waya da hira da rediyo su ne injinka. Ka kashe su minti biyar, sai ka ji abin da ke gudana a cikinka dare da rana.

A 2010 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna aika musu tambaya a lokuta daban-daban: me kake yi, ina hankalinka, yaya ranka. Sun tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin waɗannan lokutan ransu ya fi rashin daɗi. Yawon hankali ke nan ɗabi'ar ƙwaƙwalwar kowa ce. Duk mai sallah ma ya san haka tun kafin Harvard: da an yi kabbarar harama, sai lissafin taki da man inji su zo gaisuwa.

Abin da ke karya gwiwar masu farawa shi ne zaton cewa nasara ita ce kai ya zama fanko. Ba haka aikin yake ba. Motsi uku ne: ka ajiye hankali a kan numfashi, ya sulale, ka farga ka dawo da shi. Fargar nan ita ce atisayen. Wanda hankalinsa ya tsere sau 30 cikin minti 5, ya kamo shi sau 30, ya yi atisaye 30 ke nan, bai yi asarar zama ba.

Inda zaman ya haɗu da gyaran hali

Mu ɗauki fushi, tunda shi ka fara ambata. Fushi matakai gare shi, sauri ne kawai ke sa a gan su kamar abu ɗaya. Ka dawo daga fadama a gajiye, ka tarar yaro ya kifar da galan ɗin man da ka ajiye don gobe. Jiki ne ke fara amsawa: ƙirji ya ɗauki zafi, muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya gajarta ya koma sama. Sai zuciya ta kawo fassara: "an raina ni a gidan nan." Sai baki. Wanda bai horu ba ba ya farga sai maganar ta fita, magana kuwa zarar bunu ce. Wanda ya shafe makonni yana kallon numfashinsa a lokacin da babu komai, ran da numfashin ya sauya zai gane tun kafin baki ya buɗe. Tazarar da yake samu ƙanƙanuwa ce, daƙiƙa biyu ko uku, amma a cikinta ake zaɓen abin da za a faɗa.

Dubi hadisin da ya umarci wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta. Kusan kowa ya haddace shi. Me ya sa aiki da shi ya yi ƙaranci? Don sharaɗinsa shi ne mutum ya san ya fusata alhali fushin yana tasowa, mu kuwa yawancinmu sai an gama ɓarna muke sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idon da zai ga fushi yana tahowa, a ranakun lafiya ake wasa shi.

Riba ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma ita ta shafi darenka. Akwai bambanci tsakanin "sa'o'ina duk sun wuce ni" da "ga tunanin nan na cewa an wuce ni ya sake zuwa". Na farko hukunci ne da ya hau kanka. Na biyu baƙo ne da ka san fuskarsa, ka san lokacin zuwansa, ka kuma san yana tafiya. Saƙa da warwarar ƙarfe biyun dare tana rayuwa ne da yarda: duk tunanin da ya zo sai ka karɓe shi a matsayin labarin gaskiya, ka shiga gardama da shi, gardamar ta haifi wani. Masaniyar halayyar ɗan'adam Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tana nuna cewa irin wannan tuƙar tunani tana tsawaita damuwa tana kuma share wa ciwon tsananin damuwa hanya. Hanyar rarrabe ta da tunani mai amfani mai sauƙi ce. Bayan minti 10, tambayi kanka ko tunanin ya haifi mataki. "Gobe bayan an tashi makaranta zan sami mai taki in roƙi ya ɗaga mini zuwa girbi" mataki ne, ka rubuta shi ka kwanta. "Me ya sa kullum ni" ba ta haihuwa, ko za ka kwana kana juya ta.

Ta uku gajera ce. Mutum ba ya ɗanɗanar abin da bai halarta ba. Ɗiyarka tana ba ka labarin islamiyya, kai kuwa kana can kana ƙirga buhuna. An yi hirar, amma ba ka samu komai daga ciki ba. Hankali ke gani, ido gululu ne.

To amma ga iyakar abin. Tazarar da zaman ke buɗewa fanko ce, ba ta gaya maka abin da za ka zuba a ciki. Mafarauci yana da natsuwa da lura, ɗan fashin da ke laɓe a bakin hanya ma yana da su. Akwai ma gwaje-gwajen da Andrew Hafenbrack na Jami'ar Washington ya yi da abokan aikinsa, inda suka ga ɗan gajeren zaman bin numfashi yana rage wa mutum jin nauyin laifin da ya yi wa wani, har ya rage masa himmar gyara ɓarnar. Wannan ya kamata ya tsayar da mai tunani. Wani ciwon zuci saƙo ne. In ka ci mutuncin maiɗakinka da safe, ƙuncin da kake ji da rana ba abin hucewa da numfashi ba ne, abin ba da haƙuri ne.

Abin da bincike ya nuna, da maganar gamsuwa

A 2014 wata tawaga a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Madhav Goyal ta tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Ta sami hujja matsakaiciya cewa zaman lura yana rage fargaba da tsananin damuwa da raɗaɗin ciwo. Kan ƙara farin ciki, gyara barci ko rage ƙiba, hujjar ba ta kai ba. Ba ta kuma ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2015 wani gwaji a Ingila da mutum 424 masu ciwon damuwa mai dawowa ya nuna cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 44 na waɗanda suka yi horon suna rage magani, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, wato kusan kunnen doki. A 2022 wani gwaji a Amurka da mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna horon mako 8 ya yi kafaɗa da kafaɗa da wani maganin fargaba mai suna escitalopram. A shekarar kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a makarantun Birtaniya fiye da 80, da ɗalibai sama da 8,000, inda darussan lura ba su fi darussan da aka saba ba, yawancin yaran ma ba su yi aikin a gida ba. Tunda kai malami ne, ka ɗauki wannan: ba abin ɗora wa aji ba ne da bulala. Hotunan ƙwaƙwalwa masu launi da ake nunawa a bidiyo, wai ta canza siffa cikin mako 8, kada su ruɗe ka. Wani gwaji mafi girma da aka yi a Jami'ar Wisconsin bai sake samun wannan canjin ba.

Ka ga inda alƙaluman suka karkata. Sun fi ƙarfi wajen rage wahala, sun fi rauni wajen ƙara gamsuwa. Wannan bai kamata ya ba da mamaki ba. A 1989 Carol Ryff ta rarraba lafiyar rai kashi shida: mutum ya karɓi kansa da ƙarfinsa da rauninsa, ya zauna lafiya da mutane, ya iya tsayawa kan ra'ayinsa, ya iya tafiyar da al'amuransa na yau da kullum, ya kasance da manufa, ya kuma ji yana ci gaba. Ka ƙirga nawa ne daga cikinsu ake samu a zaune a kan tabarma. Na farkon ne kawai za a ce zaman yana taɓawa kai tsaye. Sauran biyar a aji suke, da gida, da gona, da zumunci.

Saboda haka maganarka ta cewa shekaru na wucewa kana nan inda kake, kada ka yi gaggawar ɗaukar ta cutar da za a kashe. Ka saurare ta tukuna. In ka lura da ita makonni kaɗan, za ka ga lokutan da take zuwa. In tana zuwa ne bayan ka ga hoton abokin karatunka a sabuwar mota, ko bayan an dawo daga ɗaurin auren da aka yi facaka, to gwada kai da wasu ne, maganinsa rage kallon da kuma wadatar zuci. In kuwa tana zuwa ne ko babu kowa, kullum kuma kan abu ɗaya take sauka, misali karatun da ka ajiye a NCE, ko gonar da kake son faɗaɗawa, ko haddar da ka bari a rabi, to kira ne na gaskiya, kuma babu yawan zaman da zai rufe masa baki sai ka tashi ka yi abin. Amfanin lura a nan shi ne ta raba maka waɗannan biyun, don a cikin hayaniya muryarsu ɗaya ce. Albashin da ya makara da tsadar taki kuwa ba a zuci suke ba, kada wani mai bidiyo ya sa ka ji kamar rashin natsuwarka ne ya kawo su.

Batun addini

Hukuncin halal da haram na malamai ne, ka kai wa wanda ka amince da iliminsa. Nawa shi ne in fayyace maka abin da za ka kai, don fatawa tana bin yadda aka siffanta abu. Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai zaman da ke ɗauke da aƙida: maimaita kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba, kiran wasu sunaye, haɗa hannu a gaban gunki ko hoton wani jagora, da'awar narkewa cikin wani "ƙarfin duniya". Wannan ka nisance shi, kuma bidiyoyi da yawa ta bayan gida suke shigo da shi. Akwai kuma zama kawai ana lura da numfashi da jiki, babu kira, babu roƙo, babu niyyar bauta, wanda shi ake yi a asibiti.

Kada kuma ka ɗauka maganar baƙuwa ce gaba ɗaya. Malamanmu sun daɗe da sanya wa cutar suna, gafala, suka kira kishiyarta halartowar zuciya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, wato sa wa kai ido da yi wa kai hisabi. Ya kwatanta mutum da ɗan kasuwar da ke da abokin haɗin jari: ya gindaya masa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya yi lissafi da shi da dare. Irin wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubuce har da na tsarkake zuciya.

Amma a bar kowanne a matsayinsa. Muraƙaba sanin cewa Allah yana ganinka ce, kamar yadda hadisin Jibrilu ya bayyana ihsani, kuma ibada ce. Zaman lura horon hankali ne, ɗan'uwan motsa jiki. Ba ya maye gurbin azkar ko karatun Alƙur'ani, wanda a Suratur Ra'adi aya ta 28 ya ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. A ganina tsarin da ya fi dacewa da kai shi ne lura ta zama ma'aikaciya, muhasaba ta zama mai ba da umarni. Ita ce ke cike fankon da na ambata ɗazu.

Yadda ake yi

Ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa. Bayan ka gama azkar ɗin Asuba ya fi, kafin gida ya tashi. In bai yiwu ba, tsakanin Magariba da Isha'i, kafin tuwo. Bayan cin abinci mai nauyi barci za ka yi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kada ka ma gwada da rana a ɗakin kwano. Ka kashe data, ka saita ƙararrawar waya, ka kife ta nesa da hannu.

Ka zauna a tabarma ka harɗe, ka sa filo ko ninkakken bargo a ƙarƙashinka yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu. Wannan ne ke hana baya lanƙwasa. In gwiwa na ciwo, kujera ta wadatar, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Baya a miƙe ba a sandare ba, hannaye a kan cinya. Ido a rufe, ko a ɗan buɗe yana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Ka nemi inda ka fi jin numfashi, ko bakin hanci ko tashi da saukar ciki, ka zaɓi ɗaya ka bar ɗayan. Kada ka ja shi, kada ka riƙe shi, ka bar shi yadda ya zo. Duk fitar numfashi ka ƙirga ɗaya, har goma, ka koma ɗaya. In ka farga ka tafi, ka sa wa inda ka je suna da kalma guda a zuci, "bashi", "gona", "jiya", "gobe", ka koma ɗaya ba tare da tsaki ba. Sanya sunan yana da aiki: bayan mako biyu za ka ga kalmomi uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa, ka san ke nan abin da ke cin ranka.

Mako biyun farko minti 5 kullum. Mako na 3 da na 4 minti 10. Daga na 5 zuwa na 8 minti 15 zuwa 20. Wannan bai kai minti 45 na asibiti ba, amma minti 10 da ake yi kullum sun fi awa guda ta ranar Asabar kaɗai. Daga mako na 3, sau biyu a mako ka musanya numfashi da zagayen jiki: ka bi da hankalinka daga yatsun ƙafa zuwa kai, kowace gaɓa numfashi uku ko huɗu, kana jin abin da ke wurin, zafi ne, nauyi ne, ko babu komai. Wannan shi ke koya maka harshen jikinka, wanda fushi ke fara magana da shi.

Zaman safe ba ya shiga rana da kansa, sai an yi masa gada. Ka ɗaura lura a kan abubuwa biyu da kake yi kullum. Alwala ta fi kowanne dacewa, ka ji ruwan a kowace gaɓa maimakon hannu ya yi ta shi kaɗai. Na biyu, in ka kashe mashin a ƙofar gida, kada ka sauka sai ka yi numfashi uku ka duba abin da ka ɗauko daga waje, don kada ka sauke wa iyali kayan da ba nasu ba. Da dare kuma minti 5 da ɗan littafi: ina na ɗaga murya yau, me jikina ya fara yi kafin nan, wa nake bin haƙuri ko ya biyo ni. Hali ɗaya za ka sa a gaba cikin makonni takwas ɗin, fushin gida misali. Mai son gyara hali biyar lokaci guda ba ya gyara ko ɗaya.

Abubuwan da ke lalacewa

Gyangyaɗi shi ne na farko, kuma galibi bashin barci ne ke karɓar haƙƙinsa. Ka buɗe ido, ka miƙe baya, ko ka yi zaman a tsaye. In ya ci gaba, barcin dare za ka gyara. Jiri da jin kamar ana tsira allura a yatsu suna zuwa ne in mutum yana jan numfashi da ƙarfi da sauri, abin da ke rage iskar kabon a jini fiye da kima. Ka daina sarrafa numfashin, in ya ƙi ka mayar da hankali kan tafin ƙafa ko sautin da ke kewaye. Ƙafa in ta sage, a sauya zama, babu lada a jure ta.

Waɗanda suka fi wuyar ganewa na zuci ne. Wata rana za ka ji wata natsuwa mai daɗi, washegari ka zauna kana farautarta, farautar kuwa ita ke korar ta. Wani kuma sai ya mayar da zaman kotu, duk sulalewar hankali ya zagi kansa, ya tashi ya fi yadda ya zauna ƙunci. Muryar da kake dawo da hankalinka da ita ta zama irin wadda kake yi wa ɗan aji ɗaya da ya kauce daga layi. Akwai mai fakewa da zaman don guje wa maganar da ya kamata a yi a gida. Akwai wanda bayan wata guda zai fara kallon mutane a matsayin marasa natsuwa, wato ya sayar da fushi ya sayi jiji da kai. Mafi yawa kuwa a mako na biyu ko na uku suke ajiyewa, lokacin da ɗokin sabon abu ya wuce riba kuma ba ta fara bayyana ba. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi zai buɗe maka wani mataki na sirri, ka riƙe kuɗinka.

Wanda zai yi hattara

Zaman ba ruwan sha ba ne da ya dace da kowa. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta daɗe tana tattara bayanan mutanen da ya jawo wa firgici, rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, musamman masu dogon zama. A yankinmu wannan gargaɗi yana da nauyi. Wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan bindiga, ko aka kai wa ƙauyensu hari, ko ya tsira daga kifewar kwale-kwale, rufe ido cikin shiru na iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. Irin wannan ya bar ido a buɗe, ya jingina hankali da abin da ke waje, sauti ko taka ƙasa yana tafiya a hankali, minti 2 ko 3, ya tsaya da zarar zuciya ta fara bugawa. Mafi kyau ma ya yi tare da ma'aikacin lafiya. Mai jin muryoyi, ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko mai ƙoƙarin rabuwa da tramadol ko kodin, likita zai fara gani. Wanda ke kan magani kada ya ajiye shi don ya fara zama. A gwajin Ingila da na ambata, a hannun likitoci aka rage maganin.

Kai ma ka duba kanka. In ka kai mako biyu ranka a ɓace kusan kullum, abin da kake so ya fita daga ranka, barci da ci sun lalace, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ka je babban asibiti mafi kusa ba tare da jira ba. In da buƙata za su tura ka gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Ka sa a auna maka hawan jini da yawan jini, don ƙarancin jini da matsalar ƙullin maƙogwaro suna kawo bugun zuciya da saurin hasala. Ka kuma ƙirga kofin shayi da goro da lemon ƙara kuzari da kake sha bayan La'asar, sau da yawa su ne rabin tunanin dare.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka koma tabarma gobe da minti 5, ka buɗe littafin daren. A ƙarshen mako na 8 kada ka tambayi kanka ko kana jin ka canza, ji yana ruɗi. Ka ƙirga a littafin sau nawa ka ɗaga murya a makon farko da na ƙarshe, da tsawon lokacin da kake ɗauka kafin ka huce, sannan ka tambayi maiɗakinka abin da ta gani. In lissafin da ita duk sun ce babu bambanci, ka ajiye zaman, ka riƙe muhasabar dare, ka mayar da minti 20 ɗin tafiyar ƙafa mai sauri, ko da daga gida zuwa bakin fadama ne maimakon hawa mashin.